Ta miƙe garau, me ya sa aka ce kada ta daina magani? Amsa kan cutar MS

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 27 tana karatu a Sikotland. Bara idonta na hagu ya dushe na wasu makonni, ya dawo da kansa. Bana ƙafarta ta dama ta mutu, aka yi mata hoto aka ce cutar MS ce, wato maltiful siklarosis. Yanzu ta miƙe garau, amma sun ɗora ta a kan ƙarin ruwa duk wata shida, sun ce babu ranar dainawa. A dangi wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa sanyin ƙasar ne, a dawo da ita gida. Me ke kawo wannan ciwo? A wurinmu ta gada? Ana warkewa? Kuma yaya batun aure da haihuwa?

Amsa: Hajiya, sannu da jinya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne.

Zan fara da maganar da ta fi tsaya mini a rai cikin saƙonki, wato cewa ta miƙe garau. Na san irin sanyin da uwa ke ji idan ta ga 'yarta ta tashi da ƙafafunta, kuma ba na so in rage miki shi. Sai dai lafawa bayan tashin ciwo ɗabi'ar wannan cuta ce. Kusan duk abin da masu bincike suka gano cikin shekara talatin ɗin nan wuri guda yake nunawa: lokacin da mai MS ke jin lafiyarsa ƙalau, lokacin ne magani ya fi yi masa rana. Duk wanda ya ba ku shawarar a dakata da ƙarin ruwan nan tunda ta samu sauƙi, ku yi masa godiya, amma kada ku bi.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. Zaren jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido, kowanne a naɗe yake da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin. Rufin nan ne ke sa saƙo ya tashi daga ƙwaƙwalwa ya isa yatsan ƙafa kafin ƙiftawar ido. A MS, wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu kare jiki ne, sukan tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa su far wa wannan rufi. Wurin ya kumbura, saƙo ya kasa wucewa. In a jijiyar ido abin ya faɗa, gani ya dushe, ido ya riƙa zafi idan an juya shi, jan launi ya zama kamar ya koɗe. In a laka ne, ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙa ƙwacewa, ko mutum ya sunkuyar da kai ya ji wani abu kamar lantarki ya zarce masa gadon baya. Bayan 'yan makonni kumburin ya sauka, jiki ya ɗan gyara abin da zai iya, ƙwaƙwalwa ta nemo wa saƙo wata hanya, mutum ya miƙe. Tabon kuwa yana nan. Kimanin mutum 85 cikin 100 haka cutar ke fara musu, ta taso ta lafa. Sauran tun farko a hankali take cin su, babu tsayawa.

Da can likitoci ma lafawar nan tana ruɗarsu. Abin da ya buɗe musu ido shi ne lokacin da aka fara yi wa masu cutar hoton MRI wata-wata don bincike. Sai aka ga sababbin tabo suna fitowa ninki biyar zuwa goma fiye da yawan lokutan da mutum ya ji wani abu a jikinsa. Sannan a 1998 Bruce Trapp da abokan aikinsa a Cleveland ta Amurka suka duba irin waɗannan tabo a madubin likita, suka tarar ba rufin kaɗai ke lalacewa ba, shi kansa zaren jijiyar yana tsinkewa, kuma tun a farkon cutar. Rufi yana iya komawa ko da rabi ne. Zaren da ya tsinke a ƙwaƙwalwa ba ya tofowa. Matashi yana da rarar jijiyoyi da yawa, shi ya sa ba a ganin asarar sai bayan shekaru, kamar gara a cikin ƙyauren katako: fenti na sheƙi a waje, sai ranar da aka dafa a ji hannu ya nutsa. Maganin da aka ɗora ta a kai, wannan asarar ta ɓoye yake tarewa.

Masu cewa jifa ne, ban ga laifinsu ba ƙwarai, don na san abin da suka gani. Budurwa lafiyayya, yau ido, gobe ya warke ba magani, baɗi ƙafa. Ciwo mai yawo a jiki, mai zuwa ya tafi, a wurinmu sunansa iska. To wannan yawon nasa shi ne ainihin abin da likita ke nema kafin ya ce MS ce: tabo a wurare daban-daban na ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda suka fito a lokuta daban-daban. Tun a 1868 Jean-Martin Charcot ya siffanta cutar a asibitin Salpêtrière da ke Faris, ya nuna wa ɗalibansa tabon a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da ita. Yau muna ganin tabon a hoto alhali mutum na zaune a gabanmu. A yi mata addu'a, a yi sadaka, babu likitan kirki da zai hana. Abin da nake roƙo shi ne kada wannan ya zama dalilin tsallake ranar asibiti.

Batun abin da ke kawo ta, a nan ne bincike ya fi yin nisa a 'yan shekarun nan, kuma labarin ya biyo ta Afirka. A 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. A cikin ƙwayoyin wannan daji ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairos, wato wata 'yar mitsitsiyar ƙwayar cuta, a Landan a 1964, wanda yanzu ake kira Epstein-Barr. Ta miyau yake yaɗuwa, kuma kusan manya 95 cikin 100 a duniya suna ɗauke da shi. Wanda ya kamu yana ƙarami, yawanci ko sani ba ya yi. Wanda ya kamu a samartaka kan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa da gajiya ta makonni. Bayan nan bairos ɗin ya laɓe a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B har ƙarshen rayuwa. Ki riƙe sunan ƙwayoyin B ɗin nan, za mu sake haɗuwa da su wajen magani.

An daɗe ana zarginsa, amma yaya za a tabbatar da laifin abin da kusan kowa ke da shi? Alberto Ascherio da Kjetil Bjornevik na jami'ar Harvard suka samo dabara. Rundunar sojan Amurka tana ɗibar jinin kowane soja idan ya shiga aiki, da kuma kusan duk shekara biyu, don gwajin ƙanjamau, ta adana ragowar a firiza. Suka bi bayanan sojoji sama da miliyan 10 da suka yi aiki tsakanin 1993 da 2013. A cikin waɗanda suka kamu da MS, an samu jinin mutum 801 da za a iya aunawa. Mutum 35 ne kawai ba su da bairos ɗin a jinin farko da aka ɗiba. Daga cikin 35 ɗin nan, 34 sun kamu da shi kafin MS ta bayyana. Mutum ɗaya tak ya rage. Da aka yi lissafi, kamuwa da bairos ɗin ya ninka haɗarin samun MS sau 32. Suka gwada wani bairos da shi ma ta miyau yake yaɗuwa, ba su ga irin wannan ba. Suka kuma auna wani sinadari da ke zuba cikin jini idan jijiya na lalacewa, suka ga bai fara hawa ba sai bayan Epstein-Barr ya shiga jiki. An buga wannan a mujallar Science a watan Janairun 2022, kuma a ganina shi ne aiki mafi nauyi da aka yi kan asalin cutar tun da na fara wannan sana'a. A wannan wata na Janairun 2022 dai wasu masana a jami'ar Stanford suka nuna wata hanya da abin ke iya bi: wani ɓangare na bairos ɗin ya yi kama da wani furotin na cikin ƙwaƙwalwa, sai garkuwar jiki ta tashi kai wa baƙo hari ta haɗa da ɗan gida.

Kada a fahimci wannan a baibai. MS ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kada a ware mata kofi ko cokali idan ta zo hutu, don duk mutanen gidan kusan tabbas suna da bairos ɗin tun suna goye, kuma ba abin da ya same su. Bairos ɗin sharaɗi ne, amma shi kaɗai ba ya isa. Darajar binciken ita ce ya buɗe ƙofar rigakafi, kuma tun 2022 aka fara gwada sababbin alluran rigakafin Epstein-Barr a jikin mutane a Amurka.

Gado yana da hannu, amma ba irin na sikila ba, inda uwa da uba kowa ya ba da nasa, ɗa ya fito da ciwo. An gano wurare sama da 200 a cikin ƙwayoyin gado da kowanne ke ƙara haɗarin kaɗan, kusan dukkansu kuma na garkuwar jiki ne. Mafi ƙarfinsu, HLA-DRB1*15:01, yana ninka haɗarin kusan sau uku. Hujjar da na fi so in ba iyaye ita ce ta tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu iri ɗaya ne sak: idan ɗaya ta kamu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ɗayar ke kamuwa. Saboda haka ki sauke wa kanki wannan nauyi, ba ke kika ba ta ba, ba kuma mahaifinta ba. Wani abin sha'awa, a 2024 masu nazarin ƙasusuwan mutanen dā suka bi sawun waɗannan ƙwayoyin gado zuwa ga wasu makiyaya da ake kira Yamnaya, waɗanda suka taso daga filayen da ke Yukiren da kudancin Rasha a yau suka kwarara arewacin Turai kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Hasashen masanan shi ne garkuwa mai zafin nama ta taimaki makiyayi wajen tsira daga cututtukan da yake ɗauka a jikin shanu da tumaki, jikokinsa kuma suka gaji zafin naman bayan cututtukan sun ragu.

Sanyin ƙasar fa? Gaskiya ne cutar ta fi yawa nesa da tsakiyar duniya. A ƙididdigar 2020 mutum miliyan 2.8 ne ke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotland ɗin da take suna cikin wuraren da ta fi yawa a doron ƙasa. Amma sanyi da kansa ba ya kawo ta. Abin da ake zargi shi ne ƙarancin hasken rana da ƙarancin bitamin D da ke biyo baya, kuma binciken masu ƙaura, wanda Geoffrey Dean ya fara a Afirka ta Kudu, ya nuna inda mutum ya yi ƙuruciyarsa, kafin kamar shekara 15, shi ya fi tasiri. Dawo da ita gida ba zai mayar da hannun agogo baya ba. Zafin bazara ma yana iya tayar mata da tsofaffin alamu, domin jijiyar da ta rasa rufinta takan kasa aiki idan jiki ya ɗau zafi: gani ya sake dushewa da rana tsaka, ƙafa ta yi nauyi, in ta yi wanka da ruwan sanyi ta huta abin ya wuce. Wannan ba sabon tashi ba ne, kuma sanin haka zai rage muku firgita. Bitamin D kuwa a auna mata, in ya yi ƙasa a ba ta, musamman da yake baƙar fata ce a ƙasar da rana ke rowa. Gwaje-gwajen ba da shi a matsayin magani sun saɓa wa juna: na Amurka da na Ostireliya ba su ga amfani ba, na Faransa da aka buga a 2025 ya ga raguwar motsin cutar a farkonta. Ba ya maye gurbin magani. Abin da babu ja a kansa shi ne taba. Tana ƙara haɗarin kamuwa da kusan rabi, tana kuma gaggauta nakasa ga wanda ya riga ya kamu, kuma ni ina lissafa shisha a ciki.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ta yi wa likitanta, don ta shafe mu musamman. An daɗe ana koyar da cewa MS ciwon Turawa ne. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan, wanda ya yi nazarin cututtukan jijiya a Najeriya tun shekarun 1960, ya ga ba safai ake samunta ba. Amma bincike a kudancin Kalifoniya a 2013 ya tarar sababbin kamu sun fi yawa a baƙaƙen mata fiye da farare, kuma an sha ganin ta fi tsanani a jikin baƙar fata. A gida kuma, inda na'urar MRI da likitocin jijiya suka yi ƙaranci, wanda ba a auna ba ba ya shiga lissafi. Sai dai akwai wata cuta mai kama da ita ƙwarai, wadda ake kira NMO, ita ma ido da laka take kamawa, kuma ta fi yawa a 'yan Afirka da 'yan Asiya fiye da Turawa. Da ana ɗaukarta wani reshe na MS, sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo suka gano alamarta a jini, suka raba su. Rabuwar tana da muhimmanci, don wasu magungunan MS, irin su intaferon da natalizumab da fingolimod, ƙara tsananta NMO suke yi. Ta tambaya ko an yi mata gwajin akwaforin-4 da na MOG, gwaje-gwajen jini ne da ke bambanta MS da NMO da makamanciyarta. Ina kyautata zaton an yi, amma ta ji da kunnenta. Ga wanda ke gida kuma, kafin a ce MS sai an kawar da tarin fuka na ƙashin baya, da ƙanjamau, da tsargiyar da ke shiga laka, da ƙarancin bitamin B12.

Yadda ake bibiyarta kuwa, ginshiƙin shi ne MRI, yawanci sau ɗaya a shekara. Da za ki zauna kusa da ni ranar da hoto ya fito, za ki ga na buɗe na bara a hagu, na bana a dama, ina bi yanki-yanki. Tabon farare ne, masu siffar ƙwai, sukan jeru a gefen ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa kamar yatsu. Tsofaffin ba sa tayar mini da hankali. Abin da nake farauta shi ne ɗigo ɗaya da babu shi bara. In na same shi, ko da tana rantsuwa lafiyarta ƙalau, maganin bai riƙe cutar yadda ya kamata ba, kuma za mu fara maganar sauyawa. Wannan shi ne dalilin kiranta hoto tana cikin ƙoshin lafiya. Ƙa'idojin tabbatar da cutar, waɗanda ake kira na McDonald, sun fito a 2001, an yi ta sabunta su har zuwa 2024, kuma kowane gyara yana rage jiran da mutum ke yi kafin a fara masa magani. Na baya-bayan nan ya shigar da jijiyar ido cikin wuraren da ake ƙirgawa, da wata 'yar jijiyar jini da ake gani ta ratsa tsakiyar tabon MS, wadda ke taimakawa a bambanta shi da tabon hawan jini ko na ciwon ɓarin kai. Ana kuma ɗibar ruwan laka ta baya a duba alamun garkuwa. Sinadarin nan da na ambata a binciken sojoji, nurofilamen, yanzu ana iya auna shi a jinin hannu, kuma ya fara shiga asibitoci. Akwai na'urar da ke auna kaurin jijiyar bayan ido cikin 'yan mintuna ba tare da allura ba. Duk da haka ina gaya wa masu zuwa wurina cewa na'ura ba ta san nisan da ƙafa ke iya kai mutum ba. Idan tafiyar da take yi bara ba hutawa yanzu sai ta tsaya a hanya, ko karatu ya fara yi mata nauyi, ta faɗa, ko da hoto bai nuna komai ba.

Kafin 1993 babu wani magani da ke sauya tafiyar cutar. Abin da ake da shi sitiroid ne, wanda har yau ake bayarwa na kwana uku zuwa biyar idan ta taso, yana gaggauta saukar kumburi amma ba ya hana na gaba. A shekarar ne Amurka ta amince da intaferon beta, allurar da ke rage tashin ciwo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Natalizumab ya zo a 2004 da ƙarfi sosai, aka janye shi a 2005 saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ta kama wasu masu amfani da shi, aka dawo da shi a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. Ƙwayar haɗiya ta farko, fingolimod, ta zo a 2010.

Babban juyi ya zo ne daga inda ba a zata ba. Shekara da shekaru kowa ya ɗora laifin a kan wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira T. Stephen Hauser na San Francisco ya gwada rituksimab, maganin dajin jini da ke share ƙwayoyin B, sakamakon ya fito a 2008: sababbin tabo sun faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayoyin B ɗin nan su ne maɓoyar Epstein-Barr, kuma masana da yawa suna ganin ba haɗuwa ce ta banza ba. Daga nan aka samar da okirelizumab, wanda aka amince da shi a 2017, shi ne kuma na farko da ya nuna ɗan amfani a nau'in da ke ci gaba ba tsayawa. Ƙarin ruwa duk wata shida da kika ambata, mai yiwuwa ɗaya ne daga cikin biyun nan. In haka ne, sun fara mata da mai ƙarfi tun farko, kuma ina goyon bayan hakan. Tsohuwar hanya ita ce a fara da mai sauƙi, sai ya gaza a hau sama. Amma gazawar nan da jijiyar mutum ake biyanta. Da aka kwatanta Suwidin, inda suka fi farawa da mai ƙarfi, da maƙwabciyarta Denmak, inda suka fi bi a hankali, an ga ƙaruwar nakasa ta fi ƙasa a Suwidin da kusan kashi 29 cikin 100.

Maganin yana da nasa farashi. Yana rage garkuwa, don haka zazzaɓi ko tari ko zafin fitsari ba abin rainawa ba ne a wurinta. Ana gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin yana iya farfaɗo da wanda ke kwance, kuma mu ciwon hantar nan ya yi mana yawa. Idan za ta zo gida, ta tuntuɓi likita kan allurar shawara, don masu irin wannan magani ba a yi musu rigakafi mai rai, wato mai ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, irin na shawara.

Ana warkewa? Har yau babu maganin da ke cire ta. Amma matashiyar da aka gano da wuri aka fara mata magani mai ƙarfi tana da kyakkyawan zaton yin shekaru masu yawa ba tashin ciwo, ba sabon tabo, tana aikinta tana renon 'ya'yanta. Inda bincike ke fama shi ne ɓangaren da ke ci a hankali a bayan shingen ƙwaƙwalwa, inda yawancin magunguna ba sa isa, da kuma gyaran rufin da ya lalace. An sha faɗuwa a nan. Simbastatin, maganin kitsen jini da aka sa wa rai sosai a Birtaniya, ya gaza a babban gwaji a 2024. A shekarar ce kuma wata ƙwaya mai iya shiga ƙwaƙwalwa, tolebirutinib, ta jinkirta ƙaruwar nakasa da kashi 31 cikin 100 a masu nau'in da ya daina tashi ya koma ci a hankali, amma ta taɓa hantar wasu. Wajen gyaran rufi, wani tsohon maganin ƙaiƙayi da atishawa, kilemastin, ya ɗan ƙara saurin saƙo a jijiyar ido a gwajin 2017, ana kuma gwada metfomin, maganin sikari da kowa ya sani. Somin taɓi ne, kada kowa ya saya ya sha da kansa.

Za ku ji maganar dashen ƙwayoyin ɓargo, kuma a nan a yi hattara. Na gaskiyar shi ne a ɗebi ƙwayoyin ɓargon mutum a ajiye, a rushe garkuwarsa da maganin daji, a mayar masa da su garkuwa ta sake tsirowa. Gwajin da Richard Burt ya jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya nuna yana aiki sosai ga matasa masu cuta mai zafi da magani ya kasa riƙewa. Aiki ne mai haɗari har ga rai, na manyan asibitoci, kuma ba ya dawo da abin da ya riga ya mutu. Shagunan da ke tallar allurar ƙwayoyin halitta a intanet da dala dubbai wani abu ne daban, ba su da hujja. Mun taɓa ganin irin wannan guguwa. A 2009 wani likita a Italiya, Paolo Zamboni, ya ce toshewar jijiyoyin jini na wuya ce ke kawo MS. Mutane da yawa suka kwashe abin da suka tara suka tsallaka ƙasashe don a buɗa musu, wasu suka ji rauni. A 2017 gwajin da shi kansa ya jagoranta ya nuna aikin ba ya amfani.

Idan ta gama karatu za ta dawo, a fara shiri tun da sauran watanni. Ta taho da hotunanta a faifai da takardar likita, a samo likitan jijiya a asibitin koyarwa, a tabbatar da inda za a samu maganin kafin lokacin ƙarin ruwa na gaba ya yi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin muhimman magunguna a karon farko: rituksimab da kiladiribin da gilatirama. Rituksimab ya fi sauƙin samu a ƙasashenmu saboda masu jinyar daji suna amfani da shi, kuma Suwidin ta daɗe tana ba masu MS shi da sakamako mai kyau. Gashin ƙashi da motsa jiki su ma magani ne, kada a hana ta aiki da sunan tausayi.

Aure kuwa, ta yi abinta. MS ba ta hana ɗaukar ciki, kuma haɗarin ɗa ya samu cutar bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba. Da likitoci suna hana masu ita haihuwa, har sai da wani bincike da Christian Confavreux na Lyon ya jagoranta ya fito a 1998, ya nuna tashin ciwo yana raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya hau a watanni ukun farko bayan haihuwa, sannan ya koma yadda yake. A gaya wa mai nemanta gaskiya tun kafin a sa rana, in so samu ne ya raka ta wurin likita ya yi tambayoyinsa. Ciki kuma a shirya shi da likita, kada a bari ya zo ba zato, domin wasu magungunan, irin su teriflunomaid da fingolimod, suna cutar da ɗan tayi, fingolimod kuma in an yanke shi kwatsam cutar kan dawo da ƙarfi. Irin ƙarin ruwan da take samu yana da sauƙin tsarawa, don aikinsa yana daɗewa a jiki bayan maganin ya fita, ana iya auna lokaci yadda zai kare ta tsawon goyon ciki. Shayarwa ma ana iya tsara ta tare da magani. Watanni ukun bayan haihuwa ne za ta fi buƙatarki kusa, ta samu barci, a ɗauke mata aikin gida, kuma a kula kada ruwan wankan jego ya yi zafi ƙwarai.